Haihuwar Tiyata da Ciwon Asma: Kafin Ka Ƙi Sa Hannu, Tsaya Ka Ji



 Kamar kullum, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta ishe su sauke muryar ba, da 'yan'uwanmu na ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun sabis. Wanda ya karanta, don Allah ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman iyayenmu mata, domin maganar yau tasu ce.

Abin da ya jawo ta, saƙo ne da wani ɗan'uwa ya turo min daga wani ƙauye ta wajen Bakori. Ya ce kada in kama sunansa, ba zan kama ba. Maiɗakinsa na da ciki wata takwas. Sun je awo, aka yi hoton ciki, likita ya ce mabiyiya ta sauko ta rufe bakin mahaifa, don haka ba za ta iya haihuwa da kanta ba, sai an yi mata aiki. Har an sa musu rana. Suna cikin wannan juyayi sai ga wani saƙon murya ya faɗo zauren WhatsApp na danginsu, wai Turawa sun gano cewa duk yaron da aka ciro ta hanyar tiyata da ciwon asma yake tashi. Aka kunna wa mahaifiyarsa. Hajiya ta ce ita fa ba da ita ba, ba za a farke mata suruka sannan a jawo wa jikanta fuka ba, a bari Allah ya sauke ta a ɗakinta yadda ya sauke kowa. Bawan Allah ya rasa inda zai sa kansa, ga maganar likita, ga maganar uwa. Tambayarsa ɗaya ce: zancen asmar nan gaskiya ne ko ƙarya?

To ɗan'uwa, amsar a taƙaice: akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma an yi mata ƙari, an kuma yanke rabin da ya fi muhimmanci. Bari mu bi ta daki-daki, don in ka koma wurin Hajiya ka je da hujja a hannunka.

MECE CE ASMA TUKUNA?

Iyayenmu fuka suke ce mata. Ka ɗauki huhu kamar bishiya ce a kife, iska na shiga ta gindi, ta rarrabu cikin rassa, har zuwa ƙananan bututu sirara. Mai asma, cikin bututun nan nasa a ɗan kumbure yake, kuma abu kaɗan ke tunzura shi. Da ya shaƙi ƙura, ko hayaƙi, ko sanyin asuba ya buge shi, ko mura ta kama shi, sai tsokar da ke kewaye da bututun ta matse, majina ta taru, hanya ta ƙuntata. Wanda ya taɓa noman rani ya san yadda ruwa ke yi in aka taka mesar ban-ruwa. Haka iska ke yi a ƙirjin yaron. Shi ya sa kake jin ƙirjin na fito, yana haki, yana tarin da ba ya barin sa barci.

Ba a ɗaukarta wurin wani, amma tana bin dangi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ke fama da ita, ta kuma kashe kimanin 455,000 a shekarar, akasarinsu a ƙasashe marasa ƙarfi irin tamu. Saboda haka tsoron Hajiya na da tushe. Duk wanda ya taɓa kwana a kan yaro mai fuka ya san ba abin wasa ba ce.

ME BINCIKEN YA CE?

A 2008 wasu masana a Belfast, Ireland ta Arewa, sun tattara bincike 23 da aka yi a ƙasashe daban-daban suka haɗa lissafinsu wuri guda. Suka ga yaran da aka haifa ta tiyata sun fi sauran yiwuwar kamuwa da asma da kusan kashi 20 cikin 100. A 2015 aka fitar da wani daga Denmak, inda aka bi bayanan yara kusan miliyan 2 da aka haifa tsakanin 1977 da 2012, sakamakon ya zo kusa da wancan. A 2018 masana a Jami'ar Edinburgh suka sake tattarawa, suka sake samun adadi makamancin haka ga yara har zuwa shekara 12. Kun ga ke nan ba mutum ɗaya ya yi mafarkinta ba.

Amma fa a nan ne mai saƙon murya ya yi mana sakiyar da ba ruwa. Kashi 20 cikin 100 ɗin nan, ƙari ne a kan abin da da ma yake akwai. Bari in yi misali da kasuwa. In tiyar masara tana dubu ɗaya aka ce ta tashi da kashi 20 cikin 100, ta koma dubu ɗaya da ɗari biyu ke nan, ba ta ninka ba. To mu ƙaddara, misali kawai, a cikin yara 100 da aka haifa ba tiyata, 10 za su yi asma. A cikin yara 100 na tiyata sai ya zama 12. Bambancin yara biyu ne. Sauran 88 lafiyarsu ƙalau. Kuma goman can na farko, a ɗaki ko a gadon asibiti uwarsu ta haife su da kanta, amma asmar ta same su. Ina “duk yaron da aka ciro” a cikin wannan lissafi? Babu.

TO ME ZAI HAƊA TIYATA DA HUHU?

Bayanin da masana suka fi tattaunawa shi ne na ƙananan halittun da ke zaune a cikin hanjinmu, waɗanda ido ba ya gani. Mun saba jin bakteriya mu ce cuta, alhali mafi yawansu abokan zama ne, suna taya mu narkar da abinci, su ne kuma malaman farko na garkuwar jikin jariri, masu koya mata wa za ta yaƙa, wa za ta ƙyale. Asma kuwa, a mafi yawan yara, garkuwar jiki ce da ke kai hari kan abin da bai kai ya kawo ba, kamar ƙurar katifa.

Kun san yadda ake kindirmo. Ana dafa madara, a bari ta huce, a ɗiga mata ɗan tsohon nono, a rufe ta kwana. Irin abin da aka ɗiga, shi ke yanke irin nonon da za a samu da safe. Hanjin jariri ma haka yake jiran abin da za a fara ɗiga masa. Wanda ya biyo ta hanyar haihuwa, da halittun jikin uwarsa yake fara haɗuwa. Wanda aka ciro ta ciki, ya fi fara haɗuwa da na fata da na ɗakin asibiti. A 2010 wata masaniya mai suna Maria Gloria Dominguez-Bello ta nuna haka a kan jarirai sababbin haihuwa a Venezuela. A 2019 wani bincike a Ingila kan jarirai 596 ya tabbatar da bambancin, ya kuma nuna cewa yana raguwa sosai yayin da yaro ke girma cikin shekararsa ta farko.

Ga kuma wanda ya fi burge ni. A 2020 masana a Denmak da suka bi yara 700 tun daga haihuwa sun ga cewa ƙarin haɗarin asmar ya tsaya ne a kan yaran tiyatar da hanjinsu bai daidaita ba har suka shekara. Waɗanda nasu ya daidaita, ba su fi sauran yara haɗari ba. Ma'ana, ranar haihuwa ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba, abin da ya biyo bayanta ma na da ta cewa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Akwai bayani na biyu. Cikin uwa, huhun jariri cike yake da ruwa, naƙuda ce ke taimaka masa ya zuƙe ruwan ya shirya shaƙar iska. Jaririn da aka ciro tun naƙuda ba ta fara ba, musamman in bai cika kwanakinsa ba, ya fi samun wahalar numfashi a kwanakin farko. Shi ya sa in tiyatar ta shiri ce, kuma babu wani haɗari da ke matso ta, likitoci kan jira sai mako na 39. In akwai haɗari, kamar zubar jini, sai su matso da ranar.

Na uku kuma shi ne wanda ya kamata kowane manomi ya gane nan take. Ka ga gona biyu na masara. Ɗaya an yi mata feshi sau uku, ɗaya ba a yi ba. Da kaka ta yi, wadda aka fesa ta ba da buhu kaɗan. Za ka ce feshi ne ya rage amfanin? Ai sai ka tambaya me ya sa aka fesa ta tun farko. Tsutsa ce ta kama ta. Haka tiyata. Ba haka kawai ake yin ta ba. Akwai bakwaini, akwai jaririn da ya galabaita a ciki, akwai uwa mai hawan jini, mai ƙiba sosai, ko ita kanta mai asma. Da yawa daga cikin waɗannan, su kansu suna ƙara yiwuwar asma ko da ba a taɓa wuƙa ba. A 2012 masana a Suwidin suka gwada yara 'yan uwa ɗaya, wani an haife shi ta tiyata, wani ba tiyata. Alaƙar ta fi fitowa a tiyatar gaggawa, ba ta shiri ba, suka ce alamu sun fi nuna dalilin da ya jawo tiyatar, ba ita kanta ba. Har yau masana na ja-in-ja a kan nawa ne laifin feshi, nawa ne na tsutsa.

SU INA, MU INA?

Yanzu mu dawo gida, don a nan maganar take.

Me ya sa Turawa suka damu da wannan bincike? Saboda a wurare da yawa tiyata ta yi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 kimanin haihuwa 21 cikin 100 a duniya ta tiyata ce. A Brazil, Masar da Turkiyya ta haura rabi. Can akwai matar da lafiyarta ƙalau za ta zaɓi rana a ciro mata ɗa. Ga irin wannan mata, in aka ce mata akwai ɗan ƙarin haɗarin asma, magana ce mai amfani, don tana da zaɓi.

Mu fa? Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kimanin haihuwa 3 cikin 100 ce ta tiyata a Najeriya, a Arewa maso Yamma kuma abin ya fi haka ƙanƙanta nesa. A shiyyarmu, ko haihuwa ɗaya cikin biyar ba ta faruwa a asibiti. Ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya, a bayaninta na 2015, ta ce yayin da adadin tiyata ke hawa zuwa wajen 10 cikin 100, mutuwar uwaye da jarirai na raguwa. To ka auna tazarar da ke tsakanin inda muke da 10. A cikin wannan tazarar akwai matan da suka buƙaci aiki ba su samu ba. Ina suke? Wasu suna maƙabarta. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2020 mata kimanin 82,000 suka rasu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Wasu kuma suna Babbar Ruga a Katsina, cibiyar masu yoyon fitsari, inda likitan nan ɗan Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru masu yawa yana ɗinke abin da doguwar naƙuda ta yaga.

Wannan ba a takarda kawai na karanta ba. Ɗiyar kawuna, cikin fari, ta kwana biyu tana naƙuda a ɗaki. Daren farko kunya ta hana ta faɗa. Dare na biyu an sani, amma wa zai hau hanya da tsakar dare a irin halin da yankunanmu na Faskari, Sabuwa da Dandume suka shiga? Da gari ya waye aka samo mota. Aka isa asibiti, aka ce aiki, mijin ya yi tafiya, aka tsaya neman wanda zai sa hannu, manya na ta shawara a gindin bishiya. Kafin a gama, yaron ya koma. Ita kuma ta tashi da yoyon fitsari, sai da aka kai ta Katsina aka gyara. Namiji ne, an ce min ƙato. Wallahi da za a ba kawuna zaɓi yau, ya karɓi jikan nan da asma, ya riƙa saya masa magani har ya girma, da gudu zai karɓa. Laifin namu ne mu dangi, mu muka yi jinkiri.

Asma ana rayuwa da ita, ana karatu, ana noma, har ƙwallo ana bugawa. Mabiyiyar da ta rufe bakin mahaifa kuwa, irin wadda aka gani a hoton matar ɗan'uwanmu, babu ta inda jariri zai bi. Da bakin mahaifa ya fara buɗewa jini ke ɓallewa, irin jinin da ungozoma ba ta da yadda za ta yi da shi, rai biyu kuma ke kan layi. Ƙin aiki a nan don tsoron asma, gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Kada kuma a ce na mayar da tiyata wasa. Aiki ne babba. Wani bincike da aka yi a ƙasashen Afirka 22, aka buga a 2019, ya nuna mace-macen mata bayan tiyatar haihuwa a nahiyarmu ya ninka na ƙasashe masu arziki kusan sau 50. Amma a duba ciki, kusan kashi uku cikin huɗu na tiyatar ta gaggawa ce. Mukan kai mace bayan ta gama galabaita, jini ya ƙare, sannan in ta rasu mu ce aiki ne ya kashe ta. Wadda aka sa wa rana, aka tanadi jini, ta shiga da ƙafarta, ba ɗaya take da wadda aka sauko da ita ranga-ranga daga bayan a-kori-kura ba. Sannan akwai tabo a mahaifa. A jihar da binciken 2018 ya nuna mace kan haifi 'ya'ya bakwai da ɗoriya a matsakaici, wannan abin lura ne. Wadda aka taɓa yi wa aiki, ta ba da tazara, ta riƙa zuwa awo, kuma duk haihuwar gaba a asibiti za ta yi ta. Da yawa sukan haihu da kansu daga baya, amma a gaban ma'aikata.

ABIN DA KE CIKIN ƊAKUNANMU

In da gaske asmar muke tsoro, to mu leƙa inda ta fi kusa da mu. Tun 1975 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, cikinsu har da David Warrell, suka buga bincike kan masu asma 106. Kusan 4 cikin 10 ƙurar ɗaki ce ke tayar musu da ita. Kusan rabi sun ce ta fi tsananta da damina, ba da hunturu ba kamar yadda muke zato. Da aka duba ƙurar katifu aka samu wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani, masu son laima. A lokacin, asmar yara ba ta da yawa cikin waɗanda suka gani. Yau kuwa, wani bincike da aka buga a 2024 kan 'yan makaranta sama da 27,000 a biranen Afirka shida, har da Legas, ya samu kusan 12 cikin 100 na da alamunta, kuma kusan 8 cikin 10 na waɗannan ba a taɓa gaya musu sunan ciwonsu ba.

Rayuwar karkara na da nata alherin. A 2016 an gwada yaran wasu al'ummomin manoma biyu a Amurka, Amish da Hutterite, masu asali kusan iri ɗaya. Amish na noma da dawaki, turken dabbobi na kusa da gida, yara na shiga suna fita. Hutterite na noma da manyan injuna, dabbobi can nesa. Asma a yaran Amish kimanin 5 cikin 100, a na Hutterite 21. Ɗan da ya tashi yana ganin shanun huɗa da awaki a tsakar gida, garkuwar jikinsa ta samu malamai da yawa. Ba ina cewa a bar yaro cikin ƙazanta ko a ba shi ruwan rafi ba ne, gudawa na kashe yara fiye da asma.

Amma ga inda muke ɓata rawarmu da tsalle. Ku tuna ɗakin mai jego. Taga a rufe don kada sanyi ya shiga. Ga garwashi, ga turaren wuta safe da yamma, da dare a kunna maganin sauro mai hayaƙi, a ƙofar ɗaki kuma ana hura itacen ruwan wanka. Kwana arba'in jariri na shaƙa. In an yi arba'in, a goya shi a shiga madafa. Da kaka a goya shi a tafi wurin casa da sheƙa, ƙaiƙayi na tashi, ko a tsaya da shi a bakin injin niƙa. Ga ƙurar auduga, ga hayaƙin karan da muke ƙonawa a gona, ga baban da ke busa sigari a ɗaki. Duk wannan ba mu ga laifinsa ba, sai wuƙar likita?

IN AN YI AIKIN, ME ZA A YI WA JARIRI?

Na ce ku riƙe maganar daidaituwar hanji. Ga abin da ke hannunmu.

Na farko, dakashi. Wannan ruwan nonon farko mai kauri, mai ɗorawa-ɗorawa, da wasu ke matsewa su zubar wai ba shi da kyau, shi ne rigakafin farko na yaro. A ɗora jariri a ƙirjin uwarsa, fata da fata, ya kama nono da zarar hali ya yi, cikin awar farko in zai yiwu. Yawanci yanzu allurar baya ake yi, uwa idonta biyu, ba sai an jira kwana ba. Dangi su taimaka mata da riƙo saboda ɗinki.

Na biyu, nono zalla wata shida, ko ruwa ba a haɗawa. A cikin nonon uwa akwai wani nau'in sukari da jariri ba ya narkar da shi, abincin halittun nan masu amfani ne. Allah ya shirya abinsa. Amma binciken 2018 ya nuna jarirai 29 cikin 100 kacal ke samun nono zalla a ƙasar nan.

Na uku, a daina ruga wa kemis ana sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta duk lokacin da jariri ya yi atishawa. Yawancin mura ba ta jin sa, shi kuma ba ya tantance mugu da nagari a hanji, share su yake. Wanda likita ya rubuta, ga uwa lokacin aiki ko ga yaro, wannan a sha shi har ƙarshe.

Na huɗu, a fitar da hayaƙi daga inda jariri yake. Turare a yi shi yaro na waje, a buɗe taga ya fita. Gidan sauro ya maye gurbin mai hayaƙi. A riƙa shanya katifa da bargo a rana. A kammala alluran rigakafi.

Na biyar, gargaɗi. Za ku iya jin wai a waje ana shafa wa jaririn tiyata ruwan gaban uwarsa don a mayar masa da abin da ya rasa. Gwaji ne ake yi ƙarƙashin kulawa, kuma tun 2017 ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta ce kada a yi shi a wajen bincike, don ana iya sa wa jariri mummunar cuta. Kada wanda ya gwada a gida.

In kuma yaro, ko ta wace hanya aka haife shi, yana yawan tarin dare ko na asuba, ƙirjinsa na fito, yana saurin haki in ya yi wasa, abin na tafiya yana dawowa, a kai shi asibiti a duba. Ba kowane fito ne asma ba, ƙanana da yawa na daina shi in sun girma. In ka ga haƙarƙarinsa na lotsawa, ya kasa kama nono ko magana, leɓensa ya canja launi, wannan ba na jiran safiya ba ne. Maganin shaƙa, wato inhela, ba ya kama jiki kamar yadda ake yaɗawa. Akwai na buɗe ƙirji nan take, akwai na kullum mai hana tashinta. Gaskiya ya yi tsada, musamman tun da kamfanin GSK mai Ventolin ya sanar da janyewa daga Najeriya a Agustan 2023, amma akwai na wasu kamfanoni, a tambayi likita. Ga ƙaramin yaro, wani bincike a Afirka ta Kudu a 1999 ya nuna gorar roba mai rabin lita, in an gyara ta daidai, tana taimaka masa ya shaƙi maganin kamar na'urar kanti. Ma'aikacin lafiya ya nuna muku yadda ake yi.

SAƘONA GA ƊAN'UWANMU, DA MU MAZA

Ɗan'uwa, kada ka yi wa Hajiya gardama a gaban mutane. Ƙaunar jikanta ce ta sa ta faɗi abin da ta faɗa. Ka same ta ita kaɗai, ka ce, “Inna, zo mu je awon nan tare, ki ji da kunnenki, ki tambayi duk abin da ke ranki.” A nuna mata hoton. Ka kuma ba ta aikin da ya fi na kowa: ita za ta tsaya a ba jikanta dakashi, ita za ta hana hayaƙi shiga ɗakin. In Inna ta tsaya a kan abu, ka san ya zauna.

Kafin ranar, ku matso kusa da asibiti, Funtua ko Malumfashi, duk wanda aka rubuta muku, ku sauka gidan dangi. Kada ku bari dare ya ritsa ku a ƙauye. Ko ɗigon jini ta gani, ku tafi a lokacin, kada ku jira ranar da aka sa. Ka nemi abokai biyu ko uku da za su ba da jini, a gwada su tun yanzu. In tafiya ta kama ka, ka bar wanda zai sa hannu a madadinka, ka gaya wa ma'aikata. Batun kuɗi kuma, a Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka tantance. Ka tambaya a wurin awo ko naku na ciki, da takardun da ake buƙata. Mu kuma matasa, aikinmu ne mu bi sawun wannan alkawari mu ga ya iso garuruwanmu.

Sai roƙo na ƙarshe. Mu daina ce wa matar da aka yi wa aiki raguwa. Wadda aka buɗe cikinta, aka ɗinke, ta tashi washegari tana shayarwa, wace ragwantaka ta yi? Wannan gorin na kishiyoyi da dangin miji na cikin abin da ke sa mata su ɓoye naƙuda har lokaci ya ƙure.

Wanda ya tura wancan saƙon murya zauren danginsu, don Allah ya tura wannan ma. Wadda aka taɓa yi wa aiki, ko mai ɗa mai asma, ku ba mu labarinku a ƙasa, wani zai ƙaru.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya dawo mana da zaman lafiya a yankinmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Wassalamu alaikum warahmatullah.